Doka da Ɗa'a a Cikin Labarin Baba ta Karo

A shekarar 1954 aka buga littafin nan Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950. An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, wadda a zamanin nan take ƙarƙashin Sarkin Karaye, yau kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Rogo. Masu nazari sun fi ɗaukar littafin a kan taskar al'adun aure da suna. Abin da muke nufi a nan shi ne mu nuna cewa babban amfaninsa yana wajen wata tambaya: in doka ta ce kaza, zuciyar jama'a ta ce kaza, wanne ke tafiyar da mutane?

Mu fara da bauta. Iyayen Baba Barebari ne masu rinji. Ta ga zamanin da mahara ke kama 'ya'ya, watau waɗanda ba bayi ba, a sayar, dangi su yi ta fafutukar fansa. Wannan ta ɗauke shi zalunci ƙarara, shari'a kuma ta goyi bayanta, don ba ta halatta bautar da Musulmi ɗa ba. Amma dokar tana cikin littattafan malamai, ba ta hana mahara hawa dawakinsu ba. Mallakar bayin gidansu kuwa ba ta ga aibinta ba ko kaɗan.

Sa'an nan Turawa suka zo. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta hana riƙe waɗanda ke hannu ba. Aka ci Kano a 1903, ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936. Baba ta yaba da zaman lafiyar hanyoyi, amma watsewar bayin rinji ta ba da labarinta ne kamar asarar gida. Ashe alƙalami ya iya sauya matsayin mutum a rana ɗaya, idon da maƙwabcinsa ke dubansa da shi kuwa sai a hankali. Shaida ita ce har yanzu akwai gidajen da ake tonon asali in maganar aure ta taso.

A sha'anin aure kuma abin ya juya. Baba ta yi aure huɗu, na farin na zumunta ne, ta yi shi don biyayya ga manya. Mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon aurar da budurwa, ta kuma bar wa mace ƙofar alƙali, ta mayar da sadaki ta fita. Matan cikin labarin sun san ƙofar nan sarai. Abin da kan tsare su shi ne kunya, da biko, da tsoron ɓata zumunci. A nan doka ta fi al'ada sassauci.

Littafin bai rasa aibi ba. Na farko, muryar 'yar masu rinji muke ji. Bawan da ya yi noman gandu, ya tara murgu don ya fanshi kansa, ba a ba shi bakin magana ba. Na biyu, maganar ta ratsa ta Turanci, inda kalmomi kamar kunya da mutunci da kirki kan rasa rabin nauyinsu, alhali su ne ma'aunin ɗa'ar Bahaushe.

Saboda haka muna ba malaman kwalejojin horon malamai shawara, in sun karanta littafin da ɗalibansu, kada su tsaya a kan yabon tsohuwa ko zarginta. Su sa ɗalibi ya rarrabe abu uku a kowane babi: abin da shari'a ta ce, da abin da hukuma ta zartar, da abin da mutanen Zarewa suka ɗauka daidai ne. Ɗalibin da ya iya wannan a kan labarin Baba, zai iya shi a kan shari'un garinsu.