Kwali a bango ba ya koya wa yaro ragewa

Akwai wata al'ada da ta kama ɗaliban NCE masu zuwa gwajin koyarwa a firamare, kuma ba na goyon bayanta. Da zarar an ji malamin da zai ba da maki yana tafe, sai a ruga a sayo kwali da alƙaluman launi, a kwana ana zana jadawalin sau, a manna a bango. Yara su yi ta rera shi da Turanci har murya ta dushe, a ba da maki, a naɗe kwali. Washegari ka ce wa ɗan aji uku ya cire 17 daga 42, ya rubuta maka 35, don a kowane gida ƙaramar lamba yake cirewa daga babba.

A Dole Kaina abin ya fi ci mini rai, saboda yaran nan da lissafinsu suke shigowa aji. Gari ne na bakin iyaka, ga Nijar a gefe, Benin ba nisa, naira da sefa suna yawo a aljihu ɗaya. Yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli tana ganin 100 a jikin sefa ta ce dala ashirin, ta ga 1000 ta ce jika, wato dala 200. Rabawa gida biyar ke nan take yi a tsaye, da faranti a ka. Amma a aji an zaunar da ita a layin waɗanda ba su iya ba.

Na ga wata ɗaliba mai koyon malanta da ta bi wata hanya. Karan dawa ta sa aka yanko, aka ɗaure goma-goma da zare. Ta ajiye ƙulli huɗu da sili biyu, ta ce a cire mata sili bakwai. Aji ya yi tsit. Can wani yaro a baya ya ce, "Malama, sai an kwance ɗaya." Aron da ake ta fama a cusa musu a kan allo, ga shi ya fito daga bakin yaro. Ta makara a manhaja, gaskiya ne, hannunta kuma ya sha ƙaiƙayi, amma 35 ɗin nan ta daina fitowa a littattafansu.

Da Hausa ta yi wannan darasi, wanda bai ji ba abokinsa ya maimaita masa da Dandanci ko Fulatanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da firamare da harshen gida, a Nuwamban 2025 ta janye ta koma Turanci. Ni dai ina tare da Farfesa Babs Fafunwa, wanda ya fara gwajin koyar da yaran firamare da Yarbanci a Ife a 1970, yaran kuma ba su kasa a Turancin ba.

Roƙona ga masu zuwa duba ɗaliban nan shi ne su rage kallon bango da kyan rubutun shirin darasi. Malam, ka ja benci ka zauna kusa da yaron layin ƙarshe, ka ba shi 42 a cire 17, ka ce ya nuna maka yadda ya yi. A kan amsarsa za ka rubuta makin malamarsa.