Jan Biro a Kan "Ma": Nahawun Makaranta da Hausar Tasawa

A Hawandawaki, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Tasawa da iyakar Katsina, cewa ake yi "na kai ma Audu goro". Littattafan nahawun da ake karantarwa da su kuwa "na kai wa Audu" kaɗai suka sani, don haka ɗalibin da ya rubuta abin da ya tsotsa a nono jan biro ke jiransa. Matsalar ta daɗe, amma ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, sa'ad da sabon kundin tafiyar da mulki ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wace Hausar ke nan?

Babu mai ja da amfanin daidaitacciyar Hausa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin a zo a gani, sai dai a kan ƙa'idojin rubutu suka zauna, ba su yanke wa nahawun kowa hukunci ba. Aibin littattafan shi ne sun ɗauki Kananci a matsayin doka, sun yi gum game da saura, har yaro ya taso yana zaton iyayensa kuskure suke yi tun safe har dare. Alhali kuwa wannan "ma" tana nan daram a bakin Bakano: masa, mata, musu. Shi ne ke canza ta zuwa "wa" gaban suna. Mutumin Maraɗi bai canza komai ba. Haka "sunka" ta Sakkwato da Gobir da Adar, wadda ta cika waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, ba gurɓatacciyar "suka" ba ce.

Masu nazarin harsunan Bantu sun riga malaman Hausa gane yadda ake kallon irin wannan bambanci. A Kinyaruwanda, harshen Ruwanda, suna ba namiji ko tamata yake ba. Ajujuwa 16 gare shi, kowane da ɗafa-goshinsa, kuma sifa da aikatau dole su bi sahu. Yaro nagari "umwana mwiza" ne, yara nagari "abana beza". Inda Kinyaruwanda ke cewa "umuntu" da "abantu", wato mutum da mutane, Suwahili ya yar da wasalin farko ya ce "mtu" da "watu". Lingala na birnin Kinshasa ya wuce nan, ya zubar da galibin wannan jituwa. A farkon ƙarni na 20 ƴan mishan, irin su De Boeck, sun yi ƙoƙarin mayar masa da ita a rubuce; jama'a suka ci gaba da maganarsu, mawaƙa suka bi jama'a.

Abin ya fi daɗi a fagen karɓau. Alexandre Kimenyi, a littafinsa na 1980, ya nuna cewa aikatau ɗaya a Kinyaruwanda yakan ɗauki karɓau biyu, har uku, suna cin gata kusan iri ɗaya. A 1990 Joan Bresnan da Lioba Moshi suka nuna cewa a Ciciwa na Malawi karɓau ɗaya tak ke da wannan gata. Ba wanda ya ce Ciciwa ya lalace. Tambayar da aka yi ita ce wace ƙa'ida kowane ke bi. Da wannan idon ya kamata a dubi Zazzaganci da Bausanci, inda ake jin "rigan Audu" saboda jinsi ya yi rauni.

Kwatancin yana da iyaka, gaskiya ne: waɗancan harsuna ne daban-daban, namu kuwa karori ne na harshe guda. Wanda ya fi kusa shi ne Kinyaruwanda da Kirundi na Burundi, masu jin juna ba tafinta, ɗaya na rubuta "cyiza", ɗaya "ciza".

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana nuna kalmar da take ta Katsina ko ta Sakkwato, Bernard Caron kuma ya bayyana Adaranci a 1991. Littafin aji ne ya rage, wanda zai jera "yana" da "shina" a shafi ɗaya, ya faɗa wa ɗan Hawandawaki wadda ake rubutawa a jarrabawa da inda ake faɗin kowace.