Likimo da babban kati: inda littafin Small Stakes Hold'em ya yi daidai, da inda ya gaza

Idan ka taɓa zama a majalisar matasa a Utai da yamma ana buga wot, ka san irin ɗan wasan nan da ke ƙanƙame katinsa mai lamba 20 yana jiran lokacin da zai ba kowa mamaki. Kafin lokacin ya zo wani ya ƙare katinsa, a zo ƙirge, 20 ɗin nan da ya ɓoye ita ce za ta kayar da shi. Wannan kuskuren shi ne jigon wani babban sashe na littafin Small Stakes Hold'em, wanda Ed Miller da David Sklansky da Mason Malmuth suka fitar a Amurka a 2004 kan wasan karta na poka. Na karanta shi ne da idon ɗalibin lissafi, kuma ina so in nuna maka abin da ya ci da abin da ya bari.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Karta 52 ce. Kowa na da kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Tsakanin kowace buɗewa ana zuba kuɗi, kuma a irin wasan da littafin ke magana a kai, an ƙayyade abin da mutum zai zuba, ɗan kaɗan ne. Saboda arahar nan, yawancin 'yan wasa ba sa janyewa, kowa na bi ko da hannunsa ba komai.

To, idan ka samu hannu mai ƙarfi, me za ka yi? Dabarar da aka saba ji ita ce ka yi likimo, kada ka tsorata mutane. Marubutan suka ce a irin wannan teburi kuskure ne, kuma lissafi na bayansu. Ɗauki abokin wasa da ke da kati huɗu masu alama iri ɗaya, yana neman na biyar. Saura tara a cikin kati 47 da bai gani ba. Damar ya samu a buɗewa ta gaba kusan kashi 19 cikin 100 ce, a buɗewa biyu kuwa kusan kashi 35. Ka zuba kuɗi ko ka yi shiru, wannan damar ba ta canzawa. Bambancin kawai, ko ya biya kafin ya ga katin, ko ka ba shi kyauta.

Bari mu yi misali. A ce damar cinka kashi 60 ce, ka zuba naira 100, mutum biyar suka bi. A wasa goma irin wannan, za ka ci 500 sau shida, ka rasa 100 sau huɗu: ribar 2,600, wato 260 a kowane wasa. Mai likimo ya bar wannan a ƙasa, kuma sau huɗun nan duk da haka sai an cinye shi. Nan kam littafin ya yi daidai.

Amma fa akwai gyara. Na farko, shawarar tana aiki ne muddin akwai marasa ƙwarewa a teburin. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka wallafa a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta kusan warware wannan wasa gaba ɗaya idan mutum biyu ne ke bugawa. Manhajar ba ta bin hanya ɗaya, tana cakuɗa dabaru don kada a karance ta. Ka ga ke nan dokar littafin ba dokar wasan ba ce, dabarar cin gajiyar raunin wasu ce.

Na biyu ya fi damuna. Littafin an rubuta shi ne don wanda zai ci, kowane mai karatu kuma yana ɗauka shi ne. Alhali kuɗin teburi ba ya haihuwa, kuma gidan caca na cire la'adarsa. A ce ku shida ne, kowa da 10,000. Ana wasa 30 a awa, kowanne an tara 2,000, gida na cire kashi 5. Naira 3,000 ke nan a awa. A awa goma rabin 60,000 ɗin ya koma aljihun mai gida, ku shida ku yi ta kokawa a kan sauran.

Caca haramun ce a dokar Jihar Kano, Hisbah ma ta rufe shagunan caca a 2024, amma yanzu abin ya koma cikin waya, kuma da kalmar “ƙwarewa” ake jan matasa. Don haka idan wani ya nuna maka wannan lissafi a matsayin hanyar samun kuɗi, ka tambaye shi: a teburin nan, wa ke biyan ribar, kuma me ya tabbatar maka ba kai ba ne?