Jinjina ga Ɗaliban Berkeley Masu Koyar da Junansu Kirifto

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙasar Amurka, akwai tsarin da ake kira DeCal, wanda ya bai wa ɗalibai damar tsara darasi su koyar da 'yan uwansu, bisa sa idon wani malami. Ƙungiyar ɗalibai ta Blockchain at Berkeley ta yi amfani da wannan dama wajen koyar da ilimin kuɗin kirifto, kuma aikinta ya cancanci yabo.

Ɗaliban ne ke tsara manhaja, su nemi aji, su tsayar da ranakun zama ta yadda ba za su ci karo da sauran karatu ba. Wannan ɗawainiya ce da ba a cika ganinta ba, alhali ita ce ƙashin bayan aikin.

Darasin yana farawa daga tushe: yadda Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, ke adana bayanan ciniki a kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, da dalilin da ya sa sauya abin da aka rubuta a ciki ke da matuƙar wuya. Ana yin bayani kan mabuɗin sirri, wanda duk wanda ya rasa shi ya rasa dukiyarsa, domin babu bankin da zai kai wa kuka. Ɗalibi kuwa ba ya jin nauyin tambayar sa'ansa abin da zai ji kunyar tambayar farfesa.

A 2018 darussan ƙungiyar suka hau dandalin edX, inda masu koyo daga ƙasashe daban-daban suka samu damar bin su ta intanet.