Qurbani: amincin maza, muryar yarinya

Sunan fim ɗin da Feroz Khan ya fitar a 1980, Qurbani, shi ne kalmar da Musulmin Indiya ke kiran layya da ita. Rajesh, gwanin fasa akwatin kuɗi, yana kaso sai budurwarsa Sheela ta haɗu da Amar, wato Vinod Khanna. Daga baya mazan biyu suka ƙulla aminci. Amar ya haɗiye son da yake mata, a ƙarshe ya ba da ransa domin amininsa. Wannan yana taɓa zuciya, babu musu.

Sai dai labarin ya rage wa Sheela mudu. Zeenat Aman ta zama tamkar ajiya tsakanin aminai biyu, kowa na nuna karamcinsa da ita. A waƙa kaɗai ta sami baki, bakin ma na aro: «Aap Jaisa Koi», wadda Biddu ya tsara a Landan, muryar Nazia Hassan ce, ƴar Pakistan mai shekara 15, kuma da ita ta ci kyautar Filmfare a 1981. Kalyanji da Anandji sun yi wa sadaukarwar mazan waƙa mai nauyi, amma kiɗan diskon yarinyar ya danne ta.