3.4 Waƙar “Trelawny” a Matsayin Taken Mutanen Kornwal

A wannan sashe za a yi nazarin waƙar da mutanen Kornwal, yankin da ke kudu maso yammacin Ingila, suka ɗauka tamkar takensu. Ana rera ta a filayen wasan ragbi da kuma bikin Waliyyi Piran na ranar 5 ga Maris. Abin tambaya shi ne, yaya waƙar da aka tsara da Ingilishi ta zama tutar al'ummar da ke fafutukar raya harshenta?

Robert Stephen Hawker, wanda aka haifa a Plymouth ta gundumar Devon, shi ya wallafa waƙar, aka fara buga ta a jarida a 1826 ba tare da sunansa ba. Jigonta shi ne zuga da nuna jaruntaka. An fi danganta ta da Bishop Jonathan Trelawny, ɗaya daga bishop-bishop 7 da Sarki James II ya tsare a Hasumiyar Landan a 1688. Mawaƙin ya siffanta dubban mazaje suna shirin ƙetare kogin Tamar don ƙwato shi. Ta fuskar zubi da tsari, baitocin masu ɗango hurhuɗu ne, da amshi mai saukin kamawa, shi ya sa taro ke iya ɗauka nan take.

Idan aka auna ta da ma'aunin tarihi, waƙar tana da rauni. Babu rundunar da ta tashi a 1688, domin kotu ce ta wanke bishop-bishop ɗin a ƙarshen watan Yuni. Tattakin da Korniyawa suka yi da gaske shi ne na 1497, wanda aka murƙushe a Blackheath. Haka kuma salonta ya ruɗi manyan marubuta irin su Macaulay da Dickens, har suka ɗauke ta tsohuwar waƙar baka.

Sai dai wannan bai isa hujjar kore ta daga gadon Kornwal ba. Lokacin da aka wallafa ta, harshen Kornish ya riga ya gushe daga bakin jama'a. Dolly Pentreath, wadda aka fi ambata a matsayin mai magana da shi ta ƙarshe tun daga tsatso, ta rasu a 1777. Ke nan da Ingilishi kaɗai za a iya isa ga mahaƙan kuza da masunta. Ita ma “Bro Goth agan Tasow”, wadda ake rerawa da Kornish a taron Gorsedh Kernow da aka kafa a 1928, karin muryarta aro ne daga taken Wales.

Inda waƙar ta gaza shi ne wajen raya harshe. Wannan aiki mawaƙa irin su Brenda Wootton ne suka ɗauka a shekarun 1970, sannan Gwenno, wadda faifanta “Tresor” ya shiga jerin takarar kyautar Mercury a 2022.

A taƙaice, “Trelawny” ta riƙe wa Korniyawa jin cewa su daban ne, tun kafin gwamnatin Birtaniya ta amince da harshensu a 2002, da kuma su kansu a matsayin al'umma 'yan tsiraru a 2014. Ƙimarta tana ga wannan aiki, ko da yake tarihin da ta bayar bai inganta ba.