Tambayar Almajiri: Siffar Malami a cikin Shaihu Umar da Magana Jari Ce

Ina aji biyu a jami'a, wata rana na ɗaga hannu a tsakiyar lacca na nemi ƙarin bayani a kan ma'aunin waƙa. Malamin ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni daga wane ƙauye na fito. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar ban sake ɗaga hannu ba har na kammala digiri. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san da wane ido na koma wa littattafai biyu da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Abin da na je nema a cikinsu guda ɗaya ne, wato yadda malami yake karɓar maganar wanda yake ƙasa da shi.

Marubutan biyu sun san aji ciki da bai. Dukansu sun fito daga Kwalejin Katsina, Imam ya koyar a Midil ta Katsina, Ɓalewa kuma a ta Bauci. Shaihu Umar yana cikin littattafan da suka yi fice a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Magana Jari Ce ya biyo baya cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930. Saboda haka malaman da ke cikin waɗannan littattafai malamai ne suka zana su, kuma ya halatta mu tuhume su a kan sana'arsu.

Gaba ɗayan Shaihu Umar amsa ce ta tambaya. Shaihun yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajirai kewaye da shi, sai ɗaya daga cikinsu ya nemi sanin asalinsa. Wanda ya san ƙasar Hausa ya san nauyin wannan tambaya. Ba a cika tambayar babba asalinsa ba, balle a zamanin da ciwon bauta bai warke ba, lokacin da kalmar asali kan iya hana mutum aure ko limanci. Malamin yana da hanyoyin kuɓuta da yawa. Yana iya tsawatawa, yana iya cewa a koma kan karatu, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Sai ya zaɓi ya faɗi komai: haihuwarsa a Kagara, makircin fada da ya raba mijin mahaifiyarsa, Makau, da gida, yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, karatunsa a hannun Shaihu Mas'ud, da mahaifiyarsa da ta fita nemansa ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu.

A nan ne, a ganina, darajar littafin take. Mutumin da ake tasowa daga garuruwa domin ilminsa ya buɗe baki ya shaida wa almajiransa cewa ya taɓa zama abin saye da sayarwa. Ɓalewa bai tsaya yi mana wa'azi a kan tawali'u ba, zubin labarin ne ya ɗauki wannan aiki. Da Shaihun ya ƙi amsawa, da babu littafin. Siffofi uku suka bayyana a wuri ɗaya: haƙurin sauraron tambaya mai nauyi, gaskiya wajen amsa ta, da yarda cewa almajiri ya isa a gaya masa gaskiya. Ni da aka tambaya ƙauyenmu don a kunyata ni, na daɗe ina juya wannan shafi, inda tambaya iri ɗaya ta taso daga ƙasa zuwa sama aka karɓe ta hannu biyu.

Sai dai son littafin ba zai rufe mini ido ba. Bayan wannan tambaya, almajiran sun zama kunnuwa kawai. Abdulkarim, wanda ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, fataucin bayi yake yi. Ta yaya alherin da ya yi wa yaro guda zai zauna wuri ɗaya da ayarin da ya kora cikin hamada? Ɗalibi mai kaifin hankali zai so ya ji ta bakin Shaihu a kan wannan, amma marubucin bai ba kowa dama ba. Abin ya yi kama da karatun zaure, inda malam yake fassara almajiri yana amsawa da na'am. Ladabi ya cika, musayar ra'ayi ta yi ƙaranci.

Abin da Shaihu Umar ya rasa shi ne Imam ya kawo a juzu'i na uku na Magana Jari Ce, inda Waziri Aku yake koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari. A nan magana tana zuwa tana dawowa. Ɗa ya gwada, uba ya nuna masa inda ya kauce, ya kafa masa ƙa'ida, sa'an nan ya kawo nasa labarin ya zama misali. Ta fuskar dabarar koyarwa, Aku ya fi Shaihu. Ya san cewa ba a koyon iyo a tudu, kuma kuskuren ɗalibi shi ne kayan aikin malami.

Amma a kwatanta Akun nan da na juzu'i na ɗaya. Can, yana tsuntsun da aka saya, aikinsa ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita daga fada. Ba shi da ikon tsawa, don haka ya bi da lallashi da daɗin baki, labari bayan labari, har haƙarsa ta cim ma ruwa. Da ya zama waziri, ɗalibin kuma ya zama ɗansa, sai harshen ya sauya, faɗa da horo suka shigo. Imam ya lulluɓe wannan da raha, mai karatu yana dariya, amma tambayar tana nan: shin taushin da aka yi wa Musa hali ne, ko kuwa sanin girman gidan da ya fito? Ladabin da yake hawa sama kaɗai, ba ya gangarowa, ya fi kusa da fadanci.

Ke nan kowane littafi ya riƙe rabin amsa. Shaihu yana girmama mai tambaya amma shi kaɗai yake magana. Aku yana ba ɗalibi fili amma yana sa shi ya biya kuɗin kuskurensa da mutuncinsa. Malamin da nake nema shi ne wanda zai haɗa zuciyar na farko da dabarar na biyu: ya bar ɗalibi ya yi magana, ya gyara maganar ba tare da ya taɓa mai ita ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sun bar wa malamai sharaɗin, domin sai an sami mai amsawa da sakin fuska.

Yanzu ni ma alli nake riƙewa, ina yi wa ƙasa hidima a wata sakandare ta karkara. Kwanan baya wata ɗaliba ta ce, "Malam, to me ya sa Shaihu bai yi fushi da Abdulkarim ba?" Na ji 'yan aji sun fara ƙunshe dariya, na kuma ji tsohon malamina yana motsi a kan harshena. Na haɗiye shi. Na ce mata tambayar ta fi ƙarfin amsa guda, na roƙe ta ta fara gaya mana nata ganin. Ta miƙe tsaye, muryarta tana rawa, ta fara.